Ruwan da Baƙo Bai Sha Ba

Zalia tana zuba wa wani direba shinkafa da wake da hantsi, a bakin tashar motocin Korbongou, sai ta ji mahaifinta ya yi gyaran murya. Shekararsa huɗu a kabari a Sokodé, tafiyar wuni guda daga nan Dapaong, amma gyaran muryar nan nasa ne babu tantama: sau biyu, na biyun ya fi tsawo. Cokalin ya suɓuce mata ya faɗa cikin miya.

"Jama'ar zongo, a saurara. Ni ne Baƙo mai ƙuge."

Ta waiwaya. Wani keken kaya ne mai ƙafa uku yake tahowa a hankali, an ɗaure masa lasifika biyu da roba, an zana babban tulu a gefensa. Makon farko ke nan na kampanye, ana shirin zaɓen 'yan majalisar yanki, gari ya cika da kiɗa da hotuna har kunne ya daina ji. Amma wannan muryar kam an ji ta. Har mahautan da ke tsallaken titi sun dakata da sara.

"Maganar ruwa na zo muku da ita. Mutumin nan ya haƙa famfo uku. Ban ji a bakin kowa ba. Na je, na gani, na sha ruwan. Ranar zaɓe kada ku manta da Fa'izu Karimu, mai alamar tulu."

Ganguna suka biyo baya, keken ya sha kwana wajen babbar kasuwa. Direban da ke riƙe da kwano ya ce, "Madam, miyar fa?" Ta zuba masa har sau biyu ba ta sani ba.

Wanda bai zauna zongon Sokodé, unguwar Hausawa, ba zai yi ta mamaki, wai don tsoho ya yi magana a lasifika mahauta su ajiye wuƙa. To, bai san Baƙo ba ne. Shekara arba'in yana zagaya unguwanni da ƙugensa na ƙarfe, yana shelar rasuwa da ɗaurin aure da ranar allurar yara da akuyar da ta ɓata, kuma a cikin shekara arba'in ɗin nan ba ya faɗin abin da idonsa bai gani ba. Taurin kai ne da shi na ban haushi. In ka ce akuyarka ta ɓata, sai ya bi ka gida ya ga turken. Wani mai maganin basir ya taɓa zuwa masa da buhun gero, Baƙo ya ce ya kawo masa mutum uku da suka warke su yi hira, mutumin bai dawo ba, geron ma ya aiko a karɓa. Da gidan rediyo suka ɗauke shi, muryarsa ta bi direbobin manyan motoci har kan iyakar Burkina. A Dapaong, inda rabin zongon iyayensu daga Sokodé suka taso, in gardama ta yi zafi a majalisa sai ka ji wani ya ce, "Baƙo ne ya faɗa," shi ke nan an tashi.

Abu ɗaya ne ya ƙi har ya koma ga Allah, wayar hannu. In Zalia ta kira, sai ya karɓa da yatsu biyu ya ce, "Lafiya? Mijinki lafiya? To madalla," ya miƙa wa ƙanwarsa Gwamma. Don haka ba ta da muryarsa ko ta daƙiƙa ɗaya a ajiye. Ranar da ya rasu, motar da ta shiga ta lalace a Kanté, ta iso an riga an dawo daga maƙabarta ana wanke hannu. Kafin nan kuwa ta shekara biyu ba ta je gida ba, kullum tana cewa bayan salla. Wannan abu ya tsaya mata a rai, kuma bai taɓa sauka ba.

Cikin kwana uku ta haddace hanyar keken. Da hantsi tasha, bayan azahar ƙofar kasuwa, da la'asar gindin masallacin zongo. Ita da ba ta barin tukunyarta ko ruwa ake da ƙanƙara, sai ga ta tana rufe ta da faifai tana cewa maƙwabciyarta ta duba mata, wai za ta sayo albasa. Albasa sau uku a rana! Sai ta sami inuwa ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta jira gyaran muryar. Ta gwada ɗauka da 'yar wayarta mai maɓalli, amma da ta kunna a gida ba abin da ya fito sai ƙugin inji da ganga. Mai tuƙa keken, wani Bamobe, ɗan ƙabilar yankin, mai furfura a gemu, har ya gane ta.

"Mama, kullum ina ganin ka," in ji shi da gurguwar Hausarsa. "Kana son riga mai tulu?"

Ta karɓi rigar don kada ya ƙara tambaya.

Sai dai tun ranar farko ta san abin da ta sani. Duk maganar ta mahaifinta ce, ban da sunan. Wanda ya faɗi "Fa'izu Karimu" ya iya kwaikwayo, Allah ya ba shi, amma ba zai ruɗi wadda ta tashi tana jin muryar nan ta bayan zana ba. Famfunan ma ta san su. A Tchamba suke, wani Alhaji Kaka ne ya haƙa su lokacin da ya nemi kujerar kansila a can, shi ma ya rasu tuni. A zuwanta gida na ƙarshe Baba ya ba ta labarin yadda ya hau bayan babur har Tchamba, ya buga kowane famfo da hannunsa, ya sha, sannan ya yarda ya yi shelar. Fa'izu kuwa ɗan wani attajirin Sokodé ne da ya dawo Dapaong da harkar siminti, ko rijiyar bayan gida ba a san ya haƙa ba. Ta san duk wannan, ta yi shiru, don tana son ta ji gyaran muryar gobe.

Ranar Lahadi Hajiya Awa, shugabar matan kasuwar zongo, ta zo har wurin tukunyarta, ta zauna a benci tana fifita da gefen mayafi. Zafin bazara ya kai inda ya kai. Famfon unguwarsu guda ɗaya ne, mata suna jera jarkoki tun asuba, wata sai azahar take samu.

"Zalia, Allah ya jiƙan mahaifinki," in ji Hajiya. "Yana kwance ma yana yi mana aiki. Kin ga hotunan nan da suka cika bango? Kowa da babbar riga, kowa yana murmushi, kowa zai kawo ruwa da asibiti. Mun zauna sau uku mun kasa tsai da magana. Wasu suna son mai ba da atamfa, wasu suna son wanda waƙarsa ta fi daɗi. Da muka ji Malam Baƙo, sai na ce to magana ta ƙare. Ashe tun kafin ya rasu ya san yaron nan."

Zalia ta duƙa tana gyara itace a murhu.

"Mu ɗari biyu ne da wani abu, ban da mazajenmu da za mu ja. Ranar Alhamis da la'asar za mu taru a gindin masallaci. Ina so ki zo ki tsaya kusa da ni. Ba sai kin ce komai ba, a dai gan ki."

"Allah ya kai mu, Hajiya."

Da maraice ta gaya wa mijinta Muhsin komai, yana wanke wuƙaƙensa a bakin rariya. Mutum ne da ba ya son doguwar magana. Ya ce wanda ya yanka magana ya dasa wata, to asalin yana hannunsa, kuma ba a Dapaong yake ba, don duk tallan 'yan takarar zongo a Sokodé ake haɗa su. Ya ce ta je, shi zai ji da yara. Zalia ba ta ji komai ba sai kalmar asali. Wato akwai wani wuri da Baba yake magana shi kaɗai, babu ganga, babu sunan wani.

Litinin ta shiga mota. Mango, Kanté, Kara, sannan hawan dutsen bayan Bafilo, inda manyan motoci ke rarrafe. Ko'ina hotuna, a jikin bishiyoyi, a gadoji, har a bangon wata maƙabarta. Ta iso Sokodé da la'asar sakaliya, ƙasa ta yi kore don a nan an fara samun ruwan sama, gari yana ƙanshin mangwaro. A ƙofar gidansu dutsen da Baba yake zama yana nan, wani ya jingina babur a kansa. Ta ture babur ɗin gefe kafin ta yi sallama.

Gwaggo Gwamma ta tsufa ƙwarai, ƙafafunta sun kumbura, amma bakin yana nan. Ta ce, "Ah, 'yan arewa an tuna da mu." Sannan ta riƙe hannun Zalia ta ƙi saki har aka kira magariba.

Washegari aka kwatanta mata wurin. Wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon tela, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shiga. Mai ɗakin, Fuseini, bai fi shekara talatin da biyar ba, ta san uwarsa, tare suke zuwa makarantar allo da yayarsa. Da ta faɗi sunanta sai ya cire abin da ke kunnensa ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Yaya Zalia, zauna. Wallahi na san wata rana wani zai zo."

Bai yi musu ba. Ya ce mutanen Fa'izu sun zo masa suna neman tallan da zai shiga zongo. Ya haɗa musu waƙa, suka gwada a kasuwa ba wanda ya ɗaga kai. Ya kawo wani saurayi mai zaƙin murya, mata suka ce wannan ko kansa bai riƙe ba. A wannan sana'ar, in ji shi, ba abin da aka faɗa ake saye ba, wanda ya faɗa ake saye. Shi ne ya shiga tsoffin ayyukansa a ordinata, wato kwamfuta, ya ci karo da wanda Malam Baƙo ya yi wa Alhaji Kaka. Ya yanke suna ɗaya, ya sa wani. Aikin rabin awa.

"Kuma na ce musu iyalinsa sun yarda," in ji shi yana kallon ƙasa. "Har takarda na sa wa hannu."

Zalia ta yi niyyar zaginsa, tun daga Kara take shirya kalmomin. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Asalin yana nan?"

"Yana nan. Minti ashirin da uku ne. Tallan bai fi minti ɗaya ba, sauran duk hira ce, na manta ban kashe na'ura ba."

Ya sa mata abin ji a kunne, ya danna. Sai ga Baba a tsakiyar kanta, kusa, kamar yana zaune a tabarmar tsakar gida. Yana mita wai ɗakin nan kamar akurki. Ya tambayi Fuseini ko kajin da suka yi ƙwan nan duka nasa ne, ya yi dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari. Ya nemi ruwa, aka ji ya kurɓa, ya ce alhamdu lillahi. Zalia ta dafe bakinta da mayafi. Ta manta yana jan numfashi ta hanci kafin ya fara zance mai tsawo, shekara huɗu kawai amma ta manta, wannan ya ba ta tsoro.

"Ni fa ina da 'ya a Dapaong," in ji muryar. "Zalia. Ita ce mai kama da ni a hali, shi ya sa ba ma daɗewa a ɗaki ɗaya. Rannan da ta zo akwai abin da na so in gaya mata, na yi ta juya shi har ta shiga mota. Ka san me na so in ce mata?"

Fuseini ya danna, muryar ta ɗauke.

"Ci gaba," in ji Zalia.

"Yaya, ki yi haƙuri ki saurare ni." Ya juyo ya fuskance ta. "Zaɓe ranar Litinin ne. Ranar Talata ki aiko kowa, in zuba miki shi duka a katin waya, ki riƙe har jikokinki. Amma in magana ta fita kafin nan, mutanen nan za su zo ɗakin nan. In suka sami asalin a wurina, sun sami shaidar da za su ɗaure ni da ita su wanke kansu. Kafin su iso zan goge shi, in rantse ban san komai ba. Ina da 'ya'ya huɗu. Kwana shida ne kawai."

Ta roƙe shi minti ɗaya, ya ƙi. Ta ce rabin minti, ta haɗa shi da Allah da darajar uwarsa. Ya ce in ta ji yanzu, me zai riƙe ta da shi? Ya faɗi haka yana share hawaye, tsoro ne ya cika shi, ba mugunta ba. Wannan bai sa ta ji sauƙin abin ba.

Ta koma gida a ƙafa, ta bi ta tsohuwar hanyar shelar Baba ba tare da ta yi niyya ba: bakin mahauta, gindin durumi, ƙofar makarantar Malam Awwal. Kwana shida. Ta yi jiran shekara huɗu, mene ne kwana shida? Kuma wa ya sani, watakila Fa'izun ya haƙa famfon in ya ci. Kafin ta iso gida ta gama shawo kan kanta.

Gwaggo Gwamma tana ɓare gyaɗa a inuwar rumfa. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ba, abin da ba halinta ba ne.

"Kin san dalilin da ya sa ubanki yake bin mutane ya ga turken akuya?" in ji ta. "Ba a haife ki ba lokacin. Wani ya zo daga Tchamba ya ce masa wane ya rasu a hanya. Ya ɗauki ƙuge ya zagaya gari. Matar mutumin ta yanke jiki ta faɗi, aka fara shimfiɗa tabarmi, da yamma sai ga mamaci ya sauko daga mota da buhun doya. Gari ya yi ta dariya. Kakanki bai yi dariya ba. A gidan nan, in shela ta fita ba daidai ba, tana wuyan mai ƙuge har sai ya warware ta. Kuma ba a ɗaki ake warwarewa ba. Duk inda ya tsaya ya faɗa, nan zai koma ya tsaya, ya buga, ya ce abin da kuka ji ba haka yake ba. Ubanki ya yi tsayuwa goma sha bakwai ranar nan, yara suna binsa suna masa ele."

"Amma Gwaggo, wannan ba shi ya yi ba."

"Muryar wa mutane suka ji?"

Gwaggo ta ɗebo wata gyaɗar ta ci gaba.

"In mai ƙuge ya mutu da shela a wuyansa, na bayansa ke saukewa. Ni ƙafata ko masallaci ba ta kai ni, balle Dapaong. Ban ce ki yi ba, ban ce kada ki yi ba."

"Zan yi. Ranar Laraba ta sama, in na karɓi katin, zan zagaya garin duka."

Gwaggo ta hure ɓawon gyaɗa daga tafin hannunta. "Bayan sun dangwala? To, wa za ki warware wa?"

Zalia ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ta iso aka gama jana'iza. Ta ce ita ba ruwanta da zaɓe, ba ruwanta da Fa'izu, ubanta take so ya ƙarasa mata magana. Gwaggo ta bar ta ta yi mai isarta. Da safe, da Zalia ta ɗauki jakarta za ta tasha, ta ji ta yi nauyi. Ba ta buɗe ba, don ta san abin da aka sa a ciki.

Ranar Alhamis ba ta ɗora tukunya ba. Ta yi wanka, ta sa zanen da Baba ya saya mata na haihuwar fari, ta tafi tashar Korbongou da jaka a hammata. Keken ya zo a kan lokacinsa. Ta tsaya ta rufe ido, ta saurara tun daga gyaran murya har zuwa "na sha ruwan." Har a lokacin ba ta san abin da za ta yi ba. Sai ta ji wata tsohuwa mai tallan daddawa a gefenta tana ce wa 'yarta, "Kin ji ko? Shi ya sha da bakinsa. Bana mun huta da layin famfo."

Zalia ta zaro ƙugen. Ya fi yadda take tsammani nauyi, wurin riƙon ya yi santsi. Bugun farko bai fita ba, na biyu ya fita har ya firgita ta. Mutane suka waiwayo, wasu 'yan acaɓa suka kwashe da dariya, mace da ƙuge, yau ga sabon salo.

"Jama'a, a saurara." Ta ƙara ɗaga murya. "Ni ce Zalia 'yar Baƙo. Muryar da kuka ji tasa ce. Ruwan da ya sha na Tchamba ne, famfunan Alhaji Kaka, shekara shida da suka wuce. Sunan da kuka ji a ƙarshe ba shi ya faɗa ba, dasa shi aka yi. Bai san mutumin nan ba. Ku zaɓi wanda kuka ga dama, amma ba da bakin Baƙo ba."

Dariyar ta tsaya. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukar ta, ta gani, ta san inda hoton zai kai kafin azahar. Ta saɓa jakarta ta bi sawun keken. A ƙofar kasuwa ta faɗa, wani mai rigar tulu ya ce nawa aka biya ta. A mahaɗar asibiti ta faɗa, babu kowa sai masu jiran mota. Mai keken ya lura da ita, ya rage gudu don ta riƙa cim masa, ko tausayi ne ko son ganin ƙarshen abin, Allah masani. Tsayuwa tara ta yi, ƙafarta ta yi bororo a cikin silifa.

Ta ƙarshe ita ce gindin masallacin zongo, da la'asar, mata sun cika wurin da kujerunsu. Hajiya Awa ta riga ta ji labari. Ta bar ta ta buga, ta faɗi abin da za ta faɗa, sannan ta taso a hankali ta zo dab da ita.

"Tun ranar Lahadi kin sani?"

"Tun kafin nan, Hajiya."

"To yanzu wa za mu zaɓa?"

"Ban sani ba."

Hajiya ta dube ta tsawon lokaci, ba fushi a fuskarta sai gajiya. "Abu ɗaya muka samu da muka yarda da shi a cikin hayaniyar nan, kin zo kin ɗauke, ba ki ba mu komai a madadinsa ba." Ta juya wajen matan. "To kun ji. A sake zama."

Nan take gardama ta dawo sabuwa, masu atamfa da masu waƙa. Babu wadda ta ce wa Zalia sannu, sai wata da ta miƙo mata ruwa a leda.

Ranar Juma'a da hantsi keken ya biyo ta tasha kamar kullum. Wata yarinya ce a lasifikar take rera waƙar tulu da siririyar murya. Mahauta ba su ɗaga kai ba. Zalia ta kira lambar Fuseini sau shida a ranar, ba a ɗauka ba. Ta ce a ranta watakila ya tsorata ta ne kawai, watakila ya ɓoye shi a wani wuri, mutum ba ya goge abu irin wannan.

Sai ranar Asabar da rana ya kira ta da wata lamba. Tana cikin wanke kwanuka, ta goge hannu a zane ta koma bayan rumfa.

"Yaya, sun zo tun ranar Alhamis da magariba. Sun ɗauke ordinata ɗin."

"Ka goge?"

"Na goge. Na gaya miki zan goge."

Ta jingina da ginshiƙin rumfar. Motar Mandouri tana ta kiran fasinja a bayanta.

"To ba komai," in ji ta. "Fuseini, don Allah abu ɗaya. Kai ai kana wurin ranar nan, da kai yake magana. Me ya ce yana so ya gaya mini? Ko ba daidai da kalmominsa ba, ka faɗa mini yadda ka tuna."



"Wallahi Yaya, ranar nan ina ta fama da wata wayar na'ura da ta ƙi kamawa, ina dai ce masa to, to. Da na dawo kansa bana kuma, wurin ruwan kawai nake nema. Da na ji sunanki na tsayar, na ce wannan zai yi mini amfani. Ban taɓa sauraron gaba ba."

Zalia ta ce ya gai da uwarsa. Ta kashe wayar, ta zauna a kan jarka, kewar ubanta ta taso mata sabuwa fil kamar yau aka yi rasuwar. Wani fasinja ya leƙo bayan rumfar ya tambaya ko akwai sauran abinci. Ta ce akwai, ya ɗan jira ta tukuna.